Sharhina kan tsinken gwajin tsamin gaba da na saya a Gusau

Na sayi tsinken nan wajen wata mai sayar da kayan mata a nan Gusau, bayan na daɗe ina fama da ruwa mai ƙarni wanda duk wadda na gaya wa sai ta ce sanyi ne, ta haɗa ni da bagaruwa da kanumfari. Aiki da shi ba wuya: ana dangwala shi a ruwan gaba, a jira launi ya fito, sannan a gwada da jadawalin da ke jikin kwalin.

Gwajin farko ya burge ni ƙwarai. Ya nuna 5.5, alhali na mace mai lafiya a shekarun haihuwa tsakanin 3.8 da 4.5 yake, kuma hawan lambar yana nufin tsamin ya ragu. Wannan lamba ce ta sa na daina jiƙe-jiƙe na tafi asibiti, inda likita ta bayyana mini cewa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, laktobasilus, da ke samar da tsami irin na kindirmo domin hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa, kuma sabulu mai ƙamshi da nake kaiwa har ciki wajen tsarki yana cikin abin da ke korar su. Ta rubuta mini metronidazol na kwana 7, ƙarnin ya ɗauke, na dinga yabon tsinken a gaban ƙawayena.

Bayan wata biyu ƙaiƙayi ya taso mini, irin wanda ke hana barci, tare da farin abu mai kauri kamar guntayen awara. Na gwada sau uku a ranaku daban-daban, ba cikin jinin al'ada ba kuma ba bayan saduwa ba, tun da na san jini da maniyyi suna ɗaga lambar. Kowane lokaci 4.0 yake nunawa. Da yake mai sayarwar ta rantse mini cewa babu sanyin da yake ɓoye masa, sai na yarda lafiyata ƙalau, na ɗora laifin a kan zafin gari da zufa. Mako biyu na yi a haka, ina susa har wurin ya kumbura, fitsari ma sai na cije leɓe. Da na koma asibiti na miƙa wa likitar kwalin, ta duba ta ce, “Hajiya, wannan ba ya ganin kandida, wato ciwon ƙaiƙayin gaba da ƙwayar fungus ke kawowa, domin ita ba ta cika taɓa tsamin gaba ba. Ai da kin zo tun ranar farko.” A ɗakin gwaji aka tabbatar da maganarta.

Har yanzu abin yana yi mini ciwo, domin layi ɗaya a takardar cikin kwalin da ya raba ni da wannan wahala, amma babu shi, kuma takardar da Turanci take, da ƙananan haruffa. Ga launukan 4.5 da 5.0 sun yi kama sosai, sai na fito tsakar gida da rana kafin in bambance su. Sauran tsinkayen suna nan cikin durowa. Zan ɗauko su idan ƙarni ya dawo, amma ƙanwata da ta roƙi guda biyu saboda ƙaiƙayi na hana ta, na ba ta kuɗin Keke Napep zuwa asibiti.