Zaman rukuni ko mataimaki guda: wanne ya fi wa mai murmurewa?

Wanda ke murmurewa daga taɓin hankali, ko ya samu naƙasa bayan hatsari, yakan samu tallafi iri biyu daga waɗanda suka taɓa shiga irin halinsa: zaman rukuni, ko mataimaki guda mai bibiyarsa.

Rukuni tsohon tsari ne. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu daina shan giya ta fara a Amurka a 1935, kuma har yau haka take tafiya: kowa ya faɗi nasa, sauran su saurara. Mutum yana ji da kunnensa cewa ba shi kaɗai ba ne, kuma galibi kyauta ne. Sai dai mai baki yakan cinye zaman, mai kunya ya tashi bai ce uffan ba, sirri kuwa da wuya ya zauna a bakin mutane da yawa.

Aikin mataimaki guda ya fi zurfi. Yana raka mutum wurin likita, ya taya shi shirya tambayoyi kan illar magani, su zauna su rubuta alamomin da ke nuna ciwon na shirin dawowa da wanda za a kira idan hakan ta faru. Ba ya rubuta magani, wannan aikin likita ne. Amma galibi sai an horar da shi an biya shi, kuma shi ma ciwonsa na iya tashi.

A ganina, wanda bai daɗe da barin asibiti ba gara ya fara da mataimaki guda, rukuni ya biyo baya idan ya fara sakewa cikin mutane.