Lauyar da ta karɓo min diyyar shekarun da shari'a ta ci min a Italiya

Tun da na ba da labarin nan a masallacinmu bayan sallar Juma'a, mutum uku suka tare ni suna tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ina da ɗan shagon kayan abincin gida a wani gari a arewacin Italiya. A ƙarshen 2010 bututun ruwa ya fashe a benen da ke samana. Na buɗe shago da safe na tarar da buhunan shinkafa da na garin rogo sun jiƙe sharkaf, busasshen kifi kuwa sai wari. Mai gidan ya ce ba ruwansa. Na kai ƙara a Fabrairun 2011, hukunci bai fito ba sai Oktoban 2018. Sau biyu ana canja alƙali, akwai zaman da bai kai minti biyar ba aka ce mu dawo baɗi. 'Yata tana firamare muka fara, ita ta karanta min hukuncin tana shirin shiga jami'a. Na ci shari'a, amma miyar ta riga ta huce.

Wani ɗan'uwa ɗan zangon Kumasi ne ya ce min, "Malam, ai gwamnati na biyan kuɗin ɓata lokacin nan." Na ɗauka zolaya ce. Shi ya raka ni ofishin lauyar, hawa na uku, babu na'urar hawa, ga guiwa ta soma ƙorafi.

Inda matar nan ta burge ni shi ne ba ta cika min baki ba. Ta ce ana kiran abin dokar Pinto, an yi ta a 2001 bayan Italiyawa sun cika Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke birnin Strasbourg na Faransa da ƙarar cewa shari'unsu ba sa ƙarewa, alhali sashe na 6 na yarjejeniyar Turai ya ce a yi wa mutum shari'a cikin lokacin da ya dace. Sai aka buɗe ƙofa a gida, a kotun ɗaukaka ƙara, don a riƙa kashe maganar tun kafin ta kai Faransa. Dokar ta ba kotun farko shekara uku, ɗaukaka ƙara biyu, kotun ƙoli ɗaya. Abin da ya haura shi ake biya, Yuro 400 zuwa 800 kowace shekara.

Ta ɗauko farar takarda ta yi lissafin a gabana da fensir. Shekara bakwai da wata takwas, a cire uku. Ni har na soma ƙirga shekara biyar a zuci, tunda ɓurɓushin da ya wuce wata shida ana lissafa shi shekara guda. Sai ta ɗora yatsa a kan wani shafi na kundin zaman kotu: tsohon lauyana ne da bakinsa ya nemi a ɗage zama, wata biyar, lokacin da na je gida jana'izar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Ta ce wannan jinkirinmu ne, ba za a ɗora wa kotu ba. Aka koma shekara huɗu. Raina ya sosu, ba na ɓoyewa. Amma gara wadda ta gaya min tun ranar farko da wanda zai yi min romon baka.

Ta kuma ja min kunne kan wa'adi: wata shida kacal daga ranar da hukunci ya zama babu sauran ɗaukaka ƙara. Wanda shari'arsa sabuwa ce kuma, tun 2016 sai ya nuna ya nemi a hanzarta ta tun tana gudana, in ba haka ba ya yi asara. Tawa ta tsallake wannan sharaɗin don ta riga ta tsufa.

Ɗawainiyar tattara kwafin takardu masu hatimi ita ta yi, na biya Yuro 150 na wannan. Ladanta ta karɓa daga abin da kotu ta yanke wa gwamnati, ba ta taɓa nawa ba. Ban taka kotu ko sau ɗaya ba. A 2019 takarda ta fito: Yuro 1,600.

To, ga inda na rage mata maki. Daga ranar da takardar ta fito, wayarta ta zama ta ado. Sakatariyarta kullum amsa ɗaya, "tana kotu." Kuɗin bai shigo asusuna ba sai 2021, kuma na san ba ita ke riƙe da shi ba, tun a Disambar 2010 kotun Strasbourg ta kama Italiya da laifin jinkirta biyan wannan diyyar a ƙorafe-ƙorafe 475 da ta haɗa wuri guda. Diyyar jinkiri ma sai an yi mata jira! Amma saƙon layi biyu ai ba ya karya hannu. Sannan Italiyancinta gudu yake kamar an koro ta. Ba don 'yata na cewa "Baba, tsaya in maimaita maka" ba, da rabin bayanin ya bi iska. In za ka je, tafi da wanda kunnensa ya buɗe.

Na ba ta huɗu cikin biyar, kuma mutum ukun nan duk na ba su adireshin. Kuɗin kuwa firji na saya da su, ragowar na sa kafinta ya ɗaga min kantocin shinkafa kamu biyu daga ƙasa.