Kamfawun na gwangwani ko sabon na kwalba: wanne ya dace da motarka?

Ɗan'uwa daga Jidda ya ce baƙar Camry ɗinsa ta 2016 ta dusashe, ga karce kamar saƙar gizo-gizo. Wai ya sayi kamfawun, wato maganin goge fentin mota, irin na da na gwangwani mai araha, ko ya daure ya sayi sabbin nan irin su Meguiar's M105?

Malam, kafin ka fid da riyal ɗaya, ka fara sanin irin fentin da ke jikin motar. Ɗiga folish a farin tsumma, ka murza wani lungu. Idan launi ya fito a tsumman, fenti ne mai hawa ɗaya irin na da, wanda har yanzu ake samu a wasu fararen Toyota. Idan bai fito ba, akwai bawon ƙyalli a sama, wato kiliya, wanda ya zama ruwan dare tun shekarun 1980. Taka kuwa da alama kiliya gare ta.

Tsohon kamfawun don fenti mai hawa ɗaya irin na da aka yi shi. Ƙwayoyinsa manya ne, yana cin fenti da sauri, ya kankare dusashen da rana ta bari. Tsohuwar Hilux sai ta dawo kamar amarya. Amma kiliya kaurinta bai fi mikiron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai silin gashi ba, kuma abin da ka kankare ya tafi ke nan. A kan baƙar mota, na gwangwanin zai bar maka hazo da sabon karce, sai ka sake bi da folish mai laushi.

Sabbin kuwa ƙwayoyinsu ƙanana ne, masu girma ɗaya. Suna ci, su bar wurin sumul, amma da tsada, kuma sun fi jin injin gogewa da soso mai kyau. Ni dai su zan ce ka saya, kuma ka fara da mai laushi, M205, a gefen but. Sai in bai fitar ba ka koma M105.

Wanke motar tas tukuna, don yashin garin nan kansa sanfefa ne. Kada ka goge a rana, ƙarfe mai zafi busar da maganin yake nan take.

Idan kuma farcenka yana maƙalewa a karcen, ko rufin ya fara saɓewa fari-fari, babu kwalbar da za ta gyara. Wannan sai ka kai motar sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, a sake feshi.