Sayen gida a gefen garin Damagaram: ruwa da takarda kafin farashi

Mai neman gida a Zinder zaɓinsa uku ne: tsohon gidan ƙasa a Birni ko Zango, ko kangon fili a sababbin unguwannin bayan gari, ko gidan siminti da aka riga aka zauna cikinsa a unguwar da ta cika da mutane. Ni dai na ukun nake ba kowa shawara.

Gidan Birni akwai daraja, ga fadar Sarkin Damagaram kusa, amma wanda ya ga yadda ruwan daminar 2024 ya kayar da tsohon masallacin Birni ya san ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara. Filin bayan gari kuwa arha ce mai cin kuɗi: turakun wuta ba su kai ba, bututu bai kai ba, ko ruwan kwaɓa siminti saya za ka yi.

Gidan da aka zauna cikinsa ya fi tsada, babu musu. Kuɗinsa na hawa gwargwadon kusancinsa da kwalta, da girman filin, murabba'in mita 300 ne ko 400 ko 600, da ko akwai mitar wuta da ta ruwa. Amma abin da kake biya kana ganinsa da idonka. Za ka hau kabu-kabu ka auna nisa zuwa Kasuwar Dole da babban asibiti, ka ga makarantar da yara za su taka da ƙafa, ka ji ko kiran salla na isowa tsakar gida. In gefen Jami'ar André Salifou ne, ɗakin ƙofar gida ba zai rasa ɗalibi mai haya ba.

Sai ruwa. Garinmu a kan dutse yake, shi ya sa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya da Aroungouza da Ganaram. Na taɓa hayar gidan da famfonsa ba ya kawowa sai tsakar dare. Uwargida ta jera jarkoki a ƙarƙashinsa, ta kwanta a tabarma tana sauraren ƙarar iska a bututu. Don haka kada ka yarda da famfon da aka murɗa maka lokacin sanyi. Koma a watan Afrilu ko Mayu, ka tambayi 'yan ga-ruwa sau nawa suke shiga layin. Gidan kan tudu shi ne na ƙarshen samun ruwa, na kwari kusa da tabki shi ne na farkon shan ambaliya. Dubi gindin katanga: in ka ga sabon fenti ya tsaya daidai gwiwa, danshi ake ɓoyewa.

Inda mutane ke kuka da hawaye kuwa wajen takarda ne. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, kowa riƙe da takardar mallaka mai hatimi. Kwafi ba takarda ba ce, ko da dillali ya rantse. Karɓi ta asali ka kai ma'aikatar magajin gari a duba lambar filin da sunan da ke cikin rajista. In an ce gidan na da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta dindindin da gwamnati ke bayarwa, a tabbatar a ofishin kula da filaye, a kuma bincika ko ba a jinginar da shi a banki ba. Gidan gado ya fi kowanne haɗari: ɗa ɗaya zai sayar, bayan shekara 'yan'uwansa su dawo daga Kano ko Agadez su kai ka gaban alƙali. Sai ka ga takardar rabon gado da sa hannun kowane magaji, har matan. Akwai kuma masu gini a kan hanya ko filin da aka ware wa makaranta, ranar rusau ba mai mayar maka da ko dala.

Dillalin da ya ce wani Alhaji na zuwa da kuɗi da la'asar, ƙyale shi ya sayar wa Alhajin. Kada ka ba da kafin alƙalami a zaure. A je gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardar ciniki da tabbatar da ita, da shaidu, da sanin mai unguwa, sannan kuɗi su fita daga hannunka.