Taswirar faci: ta fitar da ni da rana, ta kunyata ni da dare

Da farko na ɗauka wannan manhajar kwalliya ce kawai. Wani abokin aikina ne ya dame ni da zancenta, wai tana zana maka wane faci, wato canjin da aka yi wa lambobin manhaja, ne ya dogara da wane a cikin Git, manhajar da ke adana tarihin irin waɗannan canje-canjen. Na girka ta don ya ƙyale ni, na manta da ita, sai ranar da aka ce in ɗauko gyaran wata ɓaraka daga babban reshe, wato layin aikin da ake ci gaba da ginawa, in mayar da shi tsohon reshen da masu amfani da manhajarmu suke kai.

Faci ɗaya ne tak, bai kai layi 20 ba. Na buga git cherry-pick, umarnin ɗauko faci daga wani reshe zuwa wani, ya ce atafau ba zai shiga ba. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san sauran labarin: ka buɗe git log ka ga jerin facin da aka yi, ka bi git blame, mai nuna wa ya taɓa kowane layi a ƙarshe, layi-layi kana neman wanda ya riga ka taɓa wurin. Tsakanin rassan biyu akwai faci fiye da 300. Awa biyu ina kame-kame, in ɗauko wannan ya ƙi, in ɗauko wancan ya jawo mini sabon rikici.

Can sai na tuna da manhajar nan. Na ba ta haruffa bakwai na farkon lambar facin, na buɗe burauza. Akwati ɗaya ya bayyana, kibiya biyu suka fita daga jikinsa zuwa wasu akwatuna biyu, ɗayansu kuma ya nuna na uku. Shi ke nan fa! Na ɗauko su daga na ƙasa zuwa na sama, kowanne ya zauna daram, nawa ya biyo baya ko tari bai yi ba. Sai da na yi dariya ni kaɗai.

Ba tsafi ba ne, abin da nake yi da hannu shi take yi ba tare da gajiya ba. Tana duba layukan da facin ya canza ko ya goge, da na maƙwabtansu, ta tambayi git blame wa ya taɓa su a ƙarshe, ta ja kibiya, ta sake yin haka a kan wancan. Shi Git jerin wane ya zo bayan wane kawai yake riƙewa, kuma zuwa bayan faci ba ya nufin kana buƙatarsa. Darcs da Pijul, wasu takwarorin Git, su ne suka gina wannan lissafin a cikin tsarinsu tun asali, mu 'yan Git sai da ɗan taimako.

Na tura aikin da yamma, har na yabe ta a gaban kowa. Da dare gwajin atomatik ya faɗi warwas. Ashe facina yana kiran wani fankshin, wato guntun umarni mai suna, da aka ƙirƙira a wani fayil daban, a cikin faci na huɗu. Layukansu ba su haɗu ko'ina ba, saboda haka babu kibiya. Manhajar rubutu take gani, ba ma'ana ba. Na yarda laifina ne da ban gwada kafin in tura ba, amma zanen ya fito tsaf-tsaf kamar an gama magana, babu ko ɗan gargaɗi a gefe.

Tunda an zo nan, bari in faɗi ɗayan abin da ke ci mini rai. Watannin baya wani ya gyara tazarar layuka a fayiloli da yawa cikin faci guda. Yanzu kusan duk abin da na tambaya, kibiyoyi sai su yi dandazo a kan wannan akwatin, zanen ya koma saƙar gizo-gizo, sai ka ja wannan ka ture wancan kafin ka karanta komai. Alhali tun Git 2.23 na 2019 ake iya ce wa git blame ya tsallake irin wannan facin da --ignore-rev. Na duba saitinta sama da ƙasa, ban ga inda zan saka shi ba.

Ban cire ta ba dai. Kafin in sake jera faci da git rebase nakan leƙa ta, don ta nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tauraro uku na ba ta. Abokin nawa yana cewa ta ci biyar, amma ba shi aka taso daga barci a daren nan ba.