Varanasi ko Haridwar: ina mai hutun kwana uku zai nufa?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Delhi, ka samu hutun kwana uku, kana son ganin matakalan bakin kogin Ganga da Indiyawa ke kira ghat, amma ka rasa zaɓi tsakanin Varanasi da Haridwar. Ni dai Varanasi zan ce maka.

Haridwar ta fi kusa, kilomita 200 da 'yan kai, awa huɗu zuwa biyar a jirgin ƙasa. A nan Ganga ke saukowa daga duwatsun Himalaya, ruwan sanyi ƙarara, ga ƙarfin gudu, har sarƙoƙi aka ɗaura don masu wanka su riƙe. Sai dai kusan duk hidimar a ghat guda take, Har ki Pauri, kuma akwai tsohuwar dokar gari da ta taƙaita shigar wanda ba Hindu ba wurin. Nama ma ba a sayarwa a cikin garin.

Varanasi kuwa tafiya ce, kilomita kusan 800, awa takwas a jirgi mafi sauri. Amma ghat sama da 80 ne jere a gaɓa ɗaya, sun lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ka yi sammako ka hau kwalekwale daga ghat ɗin Assi, ka daidaita kuɗi kafin ka sa ƙafa. Rana na fitowa ta ƙetaren kogi za ta haske masu wanka da masu wanki da tsofaffin gine-gine gaba ɗaya. Da magariba a ghat ɗin Dashashwamedh mabiya Hindu ke ibadar fitilu, mu namu kallo ne daga gefe.

Inda nake so ka kula shi ne ghat ɗin Manikarnika. Dare da rana ake ƙona gawa a wurin, domin a imanin mabiya Hindu wanda ya mutu a Varanasi ya huta da sake dawowa duniya. Don Allah wayarka ta zauna a aljihu. Mutanen da ke tsaye bakin wutar nan uba ko uwa suka rasa, kuma ba za ka so baƙo ya ɗauki hoto a jana'izar gidanku ba.

Salla da abinci ba za su ba ka wahala ba. Masallacin Alamgir na saman ghat ɗin Panchganga, tun zamanin Sarki Aurangzeb na daular Mughal, unguwar Madanpura kuma cike take da Musulmi masaƙan sari, wato zanen da matan Indiya ke ɗaurawa.

Idan hutun ya faɗo tsakanin Yuli da Satumba, ka ɗage tafiyar. Ruwan damina kan shanye matakalan, a hana kwalekwale fita. Ka jira Nuwamba zuwa Fabrairu.