Sharhi kan Gyaran Babur ɗin Mahaifina Bayan Shekara Tara a Ajiye

Babur ɗin Honda CG125 ne, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana hawansa daga gidanmu da ke Aboabo a nan Kumasi zuwa ƙauyukan da yake sayo goro. Tun da ciwon ƙafa ya hana shi hawa a shekarar 2015 aka tura babur ɗin ɗakin ajiya, aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, kuma babu wanda ya sake waiwayarsa sai bayan shekara tara, lokacin da na yanke shawarar ko dai a tashe shi ko a sayar wa masu gwangwan. Na ɗora shi a kan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, na kai wa wani bakanike na unguwarmu, wanda kowa ke kira Masta kamar yadda ake kiran shugabannin gareji a nan. Aikinsa ne nake wa wannan sharhi, bayan na shafe wata huɗu ina hawa.

Abin da ya fara sa na amince da shi shi ne abin da ya hana ni yi. Ana sauke babur ɗin na kai ƙafa kan kik domin in ji ko injin yana juyawa, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, don Allah kada ka taka. Injin da ya yi shekara tara bai ga mai ba, lallashi yake so." Ya bayyana mini cewa baƙin mai yakan tsiyaye ya bar bangon silinda a bushe, damshin Kumasi kuma yakan shiga ta salansa ya haifar da tsatsa, har zobban fistin su manne. Idan aka taka da ƙarfi a wannan hali, zobe yana iya karyewa ko ya karce silinda, ƙaramin gyara ya koma babba. Ya kwance fulogi, ya ɗiga mai kaɗan ta ramin, ya bar shi kwana biyu, sannan ya riƙa juya injin da hannu a hankali har ya saki.

Mafi yawan wahalar tana cikin tanki da kafireta. Da ya buɗe murfin tankin, warin da ya fito ya fi kama da na tsohon fenti, domin fetur da ya daɗe yakan bushe ya bar wani danƙo mai launin zuma, kuma a ƙasan tankin akwai ɓarɓashin tsatsa da ya kusa cika tafin hannu. Ya zuba kananzir da ƙananan notuna a ciki, yaransa suka yi ta girgizawa suna zubarwa har abin da ke fitowa ya yi fes, sannan ya ƙara ƙaramar matatar mai tsakanin tanki da kafireta saboda ragowar tsatsar da ido ba ya gani. Kafiretar kuwa ya wargaza ta a kan farin ƙyalle, ya ɗaga jet ɗin, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da fetur ke bi ta ciki, zuwa hasken rana ya nuna mini cewa ko ɗigon haske ba ya ratsa ramin. Wani yaronsa ya ɗauko allura zai zura, sai ya tsawata masa, domin allura tana faɗaɗa ramin, babur ya dinga shan mai yana hayaƙi har abada. Jiƙa shi aka yi a sinadarin wanki, aka hura da iska.

Bai buɗe cikin injin ba, kuma ina ganin ya yi gaskiya, ko da yake da ya ce sai an buɗe da na biya ba tare da musu ba. An fara ƙera irin wannan babur a tsakiyar shekarun 1970 domin ƙasashen da ba a cika kai abin hawa sabis a kan kari ba, shi ya sa injinsa mai sauƙi ne kuma mai juriya. Ya zubar da tsohon mai, ya wanke 'yar rariyar da ke tace shi, ya zuba sabo kimanin lita ɗaya, ya daidaita bawul, ya sa sabon batir da fulogi. A rana ta tara injin ya tashi, kuma sautin da na ji shi ne wanda nake ji ina yaro idan Baba ya dawo bayan la'asar.

Mun yi gardama a kan tayoyi. Ni na ga zanensu bai cinye ba, na ce a bar su. Ya durƙusa ya nuna mini lambobi huɗu a gefen tayar baya, 2312, ya ce ma'anarsu mako na 23 na shekarar 2012, sannan ya matse gefen tayar da yatsa, sai ga ƙananan tsage-tsage sun buɗe kamar faso. Haka birki: da ya cire ƙafar gaba, fatar da ke jikin takalmin birki ta ɓalle ta faɗo da kanta. Da a kan titi ta ɓalle, tana iya kulle ƙafar gaba. Muka tafi Suame Magazine tare, inda kusan babu kayan abin hawa da ba a samu, kuma tun da babura da yawa 'yan China an kwaikwayi injin CG ne wajen ƙera su, ba mu sha wahalar neman kaya ba. Shi ya zaɓa, ni na biya da hannuna, kuma kuɗin kaya ya ninka kuɗin aikinsa fiye da sau biyu.

Akwai inda ya gaza. Ya yi alkawarin mako biyu, aikin ya kai mako biyar, domin duk ɗan acaɓar da ya zo da gyaran gaggawa sai a ajiye nawa. Wayoyin da ɓera ya gwaigwaya a ƙarƙashin kujera kuma murɗe su kawai aka yi aka naɗe da salatif, sai ga fitila ta ɗauke mini cikin ruwan sama da dare a Asawase. Ya karɓi laifin, ya sake haɗa su da dalma bai karɓi ko pesuwa ba. Amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne fentin murfin gefe da aka yi ba tare da an tambaye ni ba, aka shafe rubutun ajami da Baba ya yi da hannunsa. Da na yi magana ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam, na ɗauka za ka so ka gan shi sabo." Na haƙura, amma duk wanda zai kai masa tsohon abu mai tarihi, ya faɗa masa tun ranar farko abin da ba a taɓawa.

Duk da haka zan sake kai masa aiki, kuma na riga na tura masa wani maƙwabcina. Na sabunta takardar lafiyar babur a ofishin DVLA, wato hukumar lasisin direbobi da ababen hawa ta Ghana, na yanki inshora, na sayi hular kwano. Na canza mai bayan kilomita 500 na farko kamar yadda ya umarta, kuma man ya fito babu ɓarɓashin ƙarfe. Da safe yana tashi a taku na biyu. Abin da ya rage shi ne shok na gaba, ɓangaren hagu, wanda ya fara tsatsafo da mai, kuma mun ajiye magana zan kai masa ranar Asabar.